Hannun Digil da Hannun Kaduna

Kaduna,
15 ga Janairu, 1984.

Zuwa ga Goggo Miriyamu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, gwiwar nan taki kuma ta yi sauƙi. Ni ma lafiyata ƙalau, sai karatun ungozoma da ya sa ni gaba.

Goggo, na san za ki ce sai da buƙata ta taso na tuna da ke. Ki faɗa, na cancanta. Rabona da ke tun jana'izar Baba, ranar da kika zaunar da ni kika warware mini yadda kakanki da kakan Baba suka fito ciki ɗaya. Rabin bayanin ya zube mini a hanya, amma ban manta kin ce in abu ya dame ni in neme ki ba.

Maganar 'yata Ƙauna ce. Shekararta bakwai yanzu. Tun sanƙarau da ta yi tana 'yar shekara biyu ba ta ji, ba ta magana. Babanta, Ishiyaku, ya rubuto mini daga Digil cewa ya kai ta firamare, amma ba a daɗe ba aka dawo da ita, wai tana zaune a bayan aji tana kallon bakin malami kawai. Ni kuwa ba zan gama nan ba sai Disamba. Tunda kin yi ritaya daga koyarwa, kuma Lokuwa ba nisa da Digil, don Allah ki riƙa duba ta, ki koya mata ko da rubuta sunanta ne.

In faɗa miki gaskiya, ni da na haife ta ban taɓa hira da ita ba. In ina so ta zo, in jawo hannunta. In ina so ta bari, in zare mata ido. Abin da nake roƙon Allah kullum shi ne in na dawo in faɗa wa 'yata magana ta gane, ita ma ta faɗa mini in gane.

Ki gai da mutanen gida.

Ni ce 'yarki,
Salome.

Lokuwa, Mubi,
20 ga Fabrairu, 1984.

'Yata Salome,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso ni ta hannun Sajo direba, da tambarin baƙin mai a bayanta. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, ba ta warke ba, ba ta kuma kashe ni ba. E, sai da buƙata ta taso kika tuna da ni. Na faɗa, na huce, mu wuce wurin.

Na je Digil. Salome, shekara talatin ina koyarwa da wannan muryar tawa, wadda in na ɗaga ta a aji ɗaya har 'yan aji shida suke nutsuwa. Na kwashe ta na kai wa 'yarki. Ta dube ni, ta dubi akuya, ta ga akuyar ta fi ni abin kallo. Na fito da allo da alli, ta karɓi allin ta ɗanɗana. Makon farko na dawo gida raina a ɓace, har na fara shirya yadda zan ba ki haƙuri.

Mako na biyu na ce bari in rufe bakina in zuba ido. Sai na lura duk lokacin da take jin ƙishi takan taɓa haɓarta da yatsu biyu. Surukarki, Kaka Susana, ta ce ai ɗabi'arta ce kawai, kamar mai susa. Ni kuwa na tsuguna a gabanta, na taɓa tawa haɓar da yatsu biyu, na miƙa mata moɗa. Da kin ga idon yarinyar nan! Ta ƙi shan ruwan ma. Ta kama zanina ta yi ta ja na lungu-lungu, tana nuna mini abu tana yin alamarsa, ni ina kwaikwayo. Ashe tana da alamar rumbu, da ta wuta, da ta kare, da ta babanta. Yarinya ta daɗe tana magana a gidan nan, ba wanda ya amsa mata.

Yanzu nakan kwana uku a ɗakin Kaka kowane mako. Ga yadda muke yi. Ita ta ba ni alamar abu, ni in rubuta sunansa a ƙasa kusa da shi, in kama yatsanta mu bi rubutun tare, sannan ta ɗauki gawayi ta rubuta a jikin abin. An rubuta wa tulu sunansa, an rubuta wa rumbu. Jiya Ishiyaku ya dawo daga gona ya tarar da akuyarsa tana yawo da AKUYA a haƙarƙari.

Ki yi karatunki da kyau, kada ki zo ki ba mu kunya.

Goggonki,
Miriyamu.

Kaduna,
10 ga Yuni, 1984.

Zuwa ga Goggo Miriyamu,

Ina gaishe ki da kyau, ya damina? Ina fata kowa lafiya. Goggo, tun wasiƙarki ta Fabrairu ban sake jin ɗuriyarki ba, hankalina ya tashi. Ko Ƙauna ce ba lafiya kuke ɓoye mini? Ko kin gaji kin bari? In kin gaji ki faɗa mini, ba zan ga laifinki ba.

Akwai abin da na so in ɓoye sai na dawo, amma cikina ya kasa riƙe shi. A cocin da nake zuwa akwai wani kurma, Malam Ezekiya, wanda ya yi makarantar kurame. Suna da yarensu na hannu cikakke, har da littafi, har da yadda ake yin kowane harafi da yatsu. Tun Maris nake zuwa wurinsa duk Asabar, matarsa tana yi mana tafinta. Ƙawayena na ɗaki suna ta yi mini dariya, wai na zama mai ba da hannu a titi, domin ko wanki nake yi sai in tsaya in gwada. Yanzu na iya gaisuwa, na iya tambayar mutum ko ya ci abinci, na iya Addu'ar Ubangiji har ƙarshe.

Ga zane na kwafo miki daga littafin, da haruffan yatsu a takarda ta ƙarshe. Don Allah ki sa ta bar alamun nan na gida, ki fara mata waɗannan, tunda su ne na gaske. In na dawo sai mu tarar bakinmu ɗaya.

Ina jiran amsa ido a hanya.

'Yarki,
Salome.

Digil,
22 ga Yuli, 1984.

'Yata Salome,

Muna lafiya, ruwa yana sauka, gyaɗa ta yi kyau. Ƙauna lafiyarta ƙalau, har ta fi ƙarfin rigar da kika bar mata.

Wasiƙa biyu na rubuta miki, ɗaya a Afrilu, ɗaya a Mayu. Da na ga taki na tafi tasha na tsare Sajo. Ya ɗaga kujerar motarsa, ga su nan kwance tare da sifana, sun sha ruwa sun zama kunu. Wai, "Mama, wasiƙa bai ɓata ba ai, yana nan, mayo ne ya shiga mota." Ruwan kogi yake nufi. Na ce masa Allah ya sa kada ya taɓa ɗaukar amarya, kada ya manta ta a ƙarƙashin kujera.

To, da waɗannan wasiƙun sun same ki, da kin san inda muka kai. Alamun da kike cewa na gida sun hayayyafa. Abin da ba shi da alama, ni da ita muke zama mu ƙirƙiro masa, in bai yi mata ba ta ture hannuna. Kowa ya sami suna. Ishiyaku shafa gemu ne. Kaka Susana murza taba ce a tafin hannu, ta yi fushi kwana biyu sannan ta haƙura. Ni kuwa ɗingishi ne da yatsu biyu a kan cinya, ka ji rashin kunya. Na sa doka a gidan, ba mai miƙa mata abu sai ya yi alamarsa. Matan zumunta na coci sun koya, domin ranar gwajin waƙa Ƙauna takan rungumi tulun da suke bugawa ta ji kiɗan a ƙirjinta, ta kuma fi wasunsu bin kiɗa. Har Na'imatu mai nono ta iya ciniki da ita.

Sai ga zanenki. Salome, ki yafe mini, na yi dariya har da hawaye. Hannayen da kika zana kamar ƙafar kaza a taɓo. Na gwada biyu-uku a gaban Ƙauna, ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi nake yi. Ashe ke kina can kina koyon hannun Kaduna, mu muna nan muna gina hannun Digil, Sajo kuma yana zaune a kan labarin.

Ba zan ƙwace mata nata ba. Shi ne abu na farko da ta mallaka a duniya. Haruffan yatsun dai na ga da amfani, zan gwada su. Ki kwantar da hankalinki, Ƙauna ba ta rasa abokin hira ba, gidan nan cike yake da masu jin maganarta.

Goggonki,
Miriyamu.

Kaduna,
12 ga Agusta, 1984.

Goggo,

Ina gaisuwa. Na ga saƙonki, na gode.

Na gane. Gidan cike yake da masu jin maganarta, har mai nono. Uwarta ce kaɗai za ta zo ta tsaya kamar baƙuwa. Na yi ta karanta layin nan har na haddace shi, jiya kuma ban je wurin Malam Ezekiya ba, don ban ga amfanin zuwan ba.

Abu biyu nake roƙo. Ki rubuto mini alamun naku ɗaya bayan ɗaya in koya kafin Disamba. Ranar da zan iso kuma ki kasance kusa da ni, ki riƙa faɗa mini abin da take cewa, kada in ji kunya a gaban 'yata.

Salome.

Lokuwa, Mubi,
9 ga Satumba, 1984.

'Yata Salome,

Ina gaishe ki, ko da yake gaisuwar taki ta zo a tsaye kamar ta ɗan sanda. Muna lafiya. Wannan karon ta hannun matar fasto na aiko, na sallami Sajo.

Ke dai akwai ki da ɗaukar magana ki kai ta inda ba a aike ta ba. Halin babanki ne sak. Na ce yarinya ba ta cikin kaɗaici don ki ji sanyi, ke kuma kika ji an kore ki. Amma dariyar da na yi wa zanenki ta yi yawa, wannan kam laifina ne. Mace ta ba da Asabar ɗinta wata da watanni saboda 'yarta, bai kamata tsohuwa ta buɗe haƙora ba. Ki yi haƙuri.

Kuma ki koma wurin Malam Ezekiya gobe-goben nan, ki ce ina gaishe shi. Haruffan yatsunsa sun cece ni. Da can in mun bar gida ba mu da wurin rubutu sai mun tsuguna a ƙasa. Yanzu muna tafe kan hanyar kasuwa tana jera mini kalma da yatsu. Har ƙugiyar harafin Ƙ na sunanta mun yi wa dabara, mukan lanƙwasa ɗan yatsa. Wata rana za ta shiga cikin kurame 'yan'uwanta masu makaranta, ranar kuwa abin da kika koyo shi za ta nema, ba nawa ba.

Maganar in rubuto miki alamunmu, na gwada, abin ya gagara. Na cika rabin takarda a kan alamar ruwan sama kaɗai, na ba Ishiyaku ya karanta ya gwada, sai ya yi kamar mai korar ƙuda. Rabin maganar a fuska take, a gira da kumatu, wannan kuwa ba ya shiga ambulan.

Kin ce za ki zo kamar baƙuwa. To, ki je ki ga ƙofar ɗakinki. Ta rubuta MAMA da gawayi tun daga ƙasa har inda hannunta ya kai a sama, kuma ranar da Kaka ta ɗauko tsumma za ta goge, sai da aka raba su.

Zancen tafinta ki bar shi a hannuna, na san abin da zan yi.

Goggonki,
Miriyamu.

Digil,
16 ga Disamba, 1984.

Salome, sannu da zuwa, sannu da hanya.

Lokacin da Ishiyaku zai miƙa miki wannan takarda ina Belel wurin ɗana Tizhe, can zan yi Kirsimeti. Ki zage ni a zuci, na yarda, amma kada ki yi da ƙarfi a gaban surukarki.

Na yi tunani sosai. In ina tsaye a tsakaninku, ni za ta riƙa kallo, ke ma ni za ki riƙa kallo, har ku saba da hakan. Na kuma gargaɗi Ishiyaku da Kaka, kada wanda ya fassara miki ko da alama ɗaya.

Ki tsuguna daidai tsayinta. Ki fuskanci haske don ta ga fuskarki. Kada ki kama haɓarta ki juyo ta, ba ta so, ki taɓa kafaɗarta ki jira. In kin yi kuskure za ta yi miki dariya, ki bar ta ta yi. Ni ma haka na koya, kuma malamar tawa ce za ta koya miki.

Miriyamu.

Digil,
28 ga Disamba, 1984.

Zuwa ga Goggo Miriyamu, a Belel,

Barka da Kirsimeti. Ina fata kin same su lafiya, ki gai da Tizhe da iyalinsa. Mu nan lafiya lau, an ci shinkafa an ƙoshi.

Goggo, na zage ki. A zuci na yi, kamar yadda kika ce, amma na yi sosai. Na sauka da akwatina a ka, ina waige-waige ina neman ki, sai Ishiyaku ya miƙo mini takarda yana kallon ƙasa. Da na gama karantawa na ce masa to shi sai ya taimake ni. Ya tura hannayensa biyu cikin aljihu ya ce, "Goggo ya ce kada mu sa hannu." Kaka kuwa ta shige madafa, wai miyarta za ta ƙone, alhali ko wuta ba a hura ba.

Ƙauna tana bayan rumbu, ido ɗaya kawai nake gani. Ta yi tsawo, Goggo, ba ki faɗa mini ta yi tsawo haka ba. Na tsuguna, na juya wajen rana, na yi mata gaisuwar Kaduna wadda na yi wata tara ina gyarawa. Ko motsi ba ta yi ba. Na sake. Na tambaye ta ko ta ci abinci. Ba ta fito ba. Da na rasa abin yi sai na ɗaga yatsu na fara jera haruffan sunanta. Ina kai na biyu ta fito. Ta zo har gabana, ta ɓata fuska, ta kama ɗan yatsana ta lanƙwasa shi da ƙarfi. Na manta ƙugiyar! Ta sa na sake tun daga farko, sai da na yi daidai ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da kike yi, har da taɓe baki.

Daga nan ban sake hutawa ba. Ko ruwa ban sha ba ta sa ni a tata makarantar. Ta nuna abu, ta yi alama, ta naɗe hannu tana jira. In na yi daidai ta wuce gaba, in na kuskure ta ɗan buge mini bayan hannu. Wannan ma na san inda ta gano shi. Da na gwada alamar kare ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ban taɓa jin dariyarta irin wannan ba. Ishiyaku yana gefe, hannu a aljihu, gumi yana keto masa saboda ƙoƙarin yin shiru.

Washegari da hantsi ina shanya a tsakar gida, sai ta taɓa kafaɗata. Fuskarta ba wasa. Ta nuna akwatina da ke bakin ƙofa. Ta dunƙule hannu biyu ta juya su kamar mai tuƙi. Ta nuna ni, ta nuna hanya, sannan ta ɗaga gira ta tsaya tana kallona.

Goggo, na gane. Ba wanda ya fassara mini. Maganar farko ke nan da 'yata ta yi mini na ji ta daga farko har ƙarshe, kuma tambayata take yi yaushe zan sake tafiya.

Na girgiza kai. Ba ta yarda ba, ta sake yin tambayar, wannan karon idonta ya kawo ruwa. Na laluba duk abin da na koyo a Kaduna da abin da na tsinta a nan, ban sami yadda zan ce an ba ni aiki a Mubi, na dawo ke nan ba. Sai na tashi na jawo akwatin tsakiyar gida, na buɗe, na zazzage shi a kan tabarma, zannuwa da fararen kayan aiki da littattafai, har takardar shaidata. Na kife shi na bubbuga ta ga ba saura. Na tura mata shi gabanta, na nuna ta, na janye hannuna.

Ta daɗe tana duban akwatin. Can sai ta kama hannunsa ta ja shi ƙiiii har bayan madafa. Ta kwaso ciyawa ta shimfiɗa a ciki. Ta je ta ɗauko wata kazar Kaka mai kwanci, tana ta fisge-fisge, ta kwaso ƙwayayenta a gaban riga, ta jera su, ta ɗora kazar a kai. Kaka ta fito tana salati, Ishiyaku ya ce, "Mama, bar shi, magana suke yi." Sannan Ƙauna ta dawo wurina, ta buɗe tafin hannunta biyu ta danna su ƙasa a hankali, kamar mai cewa in zauna. Ban san ko alamar Digil ce ko a lokacin ta ƙirƙiro ta ba. Na maimaita mata, ba ta gyara mini ba. Ta hau cinyata ta zauna, duk tsawon nan nata, na riƙe ta na yi kukana a gaban kowa da rana tsaka.

Ki dawo da wuri, aiki yana jiran ki. Mun yi shawara da Ishiyaku, in kin yarda, ke ki ci gaba da rubutu da lissafi, ni kuma da yamma in riƙa ba ta hannun Kaduna kaɗan-kaɗan, in ta ga dama ta karɓa. Na yafe miki, amma sai kin zo da tsaraba.

Kayana suna cikin buhun taki a ɗaki. Kazar ta karɓi wurin, ba mai iya taɓa akwatin yanzu sai ya sha tsattsaga, kuma Ƙauna takan leƙa ta safe da yamma ta tabbatar tana ciki.

Ni ce 'yarki mai godiya,
Salome.